John F. Kennedy: shugaban da ya yi mulki da ɓoyayyen ciwo

A watan Satumba na 1947 ciwo ya kayar da wani ɗan majalisar wakilan Amurka mai shekara 30 a Landan. Likitoci suka gano cutar Addison ce, wadda Thomas Addison ya fara bayyanawa a 1855. Majinyacin shi ne John Fitzgerald Kennedy, wanda aka haifa ranar 29 ga Mayu, 1917, a jihar Massachusetts.

Bisa kowace ƙoda akwai 'yar tsoka da ake kira adirinal, mai samar da sinadarin kotisol, wanda ke riƙe ƙarfin gudun jini da sukari idan jiki ya shiga tsanani. In ta gaza, sai kasala da amai da rama su biyo baya, alamun da suka yi kama da na cututtuka barkatai. Kennedy ya daɗe yana fama da laulayi kafin a gano cutar. Daga nan ya rayu bisa magungunan da ke maye gurbin sinadarin.

A watan Oktoba na 1954 aka yi masa tiyatar baya a New York. Ƙwayoyin cuta suka kama shi, ya fita hayyacinsa, har aka yi masa addu'ar bankwana. Haɗarin ke nan: tiyata ko zazzaɓi mai tsanani na ƙara buƙatar kotisol, mai cutar kuwa ba shi da inda zai samo. Shi ya sa a yau, in gudun jinin majinyaci ya faɗi, ƙarin ruwa bai ɗaga shi ba, gishirin jininsa ya ragu, likita kan ɗebi jini don auna kotisol, ya yi allurar hydrocortisone ba tare da jiran sakamako ba. Majinyacin da aka kwaso daga Bodinga ko Shagari zuwa asibitin koyarwa na Sakkwato cikin wannan hali, abu ne mai sauƙi a ɗauke shi mai maleriya ko taifot, alhali tarin fuka na cikin manyan abubuwan da ke lalata adirinal a ƙasashe masu tasowa.

A 1960, lokacin neman tikitin jam'iyyar Democrat, magoya bayan Lyndon Johnson suka tayar da maganar. Mutanen Kennedy suka musanta, suna fakewa da cewa ba tarin fuka ne ya haddasa tasa matsalar ba. Ya ci zaɓe yana da shekara 43. Ya karɓi baƙuncin Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa a watan Yulin 1961, ya kuma ja ragamar ƙasarsa a rikicin makamai masu linzami na Cuba a 1962. An harbe shi a Dallas ranar 22 ga Nuwamba, 1963.

Sai a 1992 likitocin da suka binciki gawarsa suka tabbatar cewa adirinal ɗinsa ta kusa ƙarewa ƙurmus. Cutar ba ta hana shi aiki ba, amma masu zaɓe sun jefa ƙuri'a cikin duhu. 'Yan Najeriya da suka ga ruɗanin da ya biyo bayan tafiyar Shugaba Umaru 'Yar'aduwa jinya Saudiyya a watan Nuwamba na 2009 sun san tsadar irin wannan ɓoyo.