Barnaba, Mutumin da Ya Kai Bulus Antakiya

Duk wanda ya zauna a ajin Ilmin Addinin Kirista ya haddace tafiye-tafiyen Bulus saboda jarrabawa. Amma kaɗan daga cikinmu ne suka kula da mutumin da ya kama hannunsa tun farko, wato Barnaba.

Sunansa na yanka Yusufu. Balawe ne, haifaffen tsibirin Kubrus. Manzanni ne suka laƙaba masa Barnaba, ma'ana mai ƙarfafa zuciya. Ya taɓa sayar da gonarsa ya kawo musu kuɗin domin mabukata. Da Shawulu ya tuba ya zo Urushalima, masu bi suka guje shi, domin sun san irin tsanantawar da ya yi musu. Barnaba ne ya tsaya masa har aka karɓe shi.

A zamanin nan Antakiya ta Suriya, wadda Sarki Salukus ya kafa wajen shekara 300 kafin haihuwar Almasihu, ita ce ta uku a daular Rum, bayan Rum da Iskandariya. Waɗanda suka watse bayan kisan Istifanas suka isa can, har waɗansu suka yi wa Helenawa wa'azi. Aka aiki Barnaba ya duba lamarin. Da ya ga aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ya tafi Tarsus ya nemo Shawulu. Shekara guda cur suka yi suna koyarwa, a nan ne kuma aka fara kiran masu bi Kirista.

Daga Antakiya ikilisiya ta sallame su wajen shekara ta 47. Suka ratsa Kubrus, suka haye zuwa Ikoniya da Listira da Darba, sannan suka komo suka ba da labari. A taron Urushalima kuwa, su biyun suka tsaya a kan cewa ba dole ne Al'ummai su yi kaciya ba.

Sai saɓani ya shiga. Yahaya Markus, ɗan'uwan Barnaba, ya bar su a tsakiyar tafiyar farko, don haka Bulus ya ƙi a sake tafiya da shi. Barnaba ya ƙi yar da yaron. Suka rabu, ya ɗauki Markus zuwa Kubrus. Daga baya Bulus da kansa ya shaida amfanin Markus a wasiƙunsa. Bisa al'adar ikilisiya, an kashe Barnaba a Salamis saboda bangaskiyarsa, ana kuma tunawa da shi kowace ran 11 ga Yuni.

Antakiya tana cikin ƙasar Turkiyya yanzu, girgizar ƙasa ta 2023 kuma ta rushe yawancinta.

'Yan'uwa, da yawanmu an taɓa kai mu bakin kora, wani malami ya tsaya mana. In yana da rai, a neme shi a gaishe shi bana. Allah ya saka wa malamanmu da alheri.