Tarihin Raman, masanin haske na ƙasar Indiya

Ranar 28 ga watan Fabrairu na kowace shekara, makarantu da jami'o'in ƙasar Indiya suna shagalin ranar kimiyya ta ƙasa. An soma wannan biki a shekarar 1987, don tunawa da abin da wani mutum ya gano a rana irin wannan cikin 1928, a wani tsohon gida na birnin Kalkata. Sunan mutumin Chandrasekhara Venkata Raman. Shi ne ɗan nahiyar Asiya na farko da ya samu kyautar Nobel a fannin kimiyya. Abin da ya ba bincikensa daraja shi ne, masana na ƙasashe dabam-dabam sun sake gwajinsa, kuma sun ga abin da ya gani.

An haifi Raman ranar 7 ga Nuwamba 1888 a garin Tiruchirappalli, kudancin Indiya, lokacin da ƙasar take ƙarƙashin mulkin Ingilishi. Shi ne na biyu cikin ƴaƴa takwas. Mahaifinsa malami ne mai koyar da lissafi da ilimin fizik, wato ilimin haske da zafi da sauti da motsi. Yaron ya tashi cikin littattafai, ga shi da kaifin basira. Yana da shekara 11 ya ci jarrabawar ƙare sakandare. A 1904 ya samu digirin farko a Madaras, ya zo na ɗaya. A 1906, tun yana ɗalibi, wata babbar mujallar kimiyya ta Landan ta buga bincikensa na farko.

Malamansa sun so ya tafi Ingila ƙarin karatu, amma likita ya hana, domin jikinsa ba mai ƙwari ba ne. A zamanin nan kuwa, ɗan ƙasa da bai je Turai ba, ƙofar aikin kimiyya a rufe take gare shi. Sai ya shiga jarrabawar ma'aikatar kuɗi, ya zo na ɗaya. A 1907 ya auri Lokasundari Ammal, aka tura shi Kalkata mataimakin babban akanta na gwamnati, yana ɗan shekara 18.

A Kalkata ya yi kiciɓis da wani gida mai lamba 210 a titin Bowbazar. Gidan na wata ƙungiya ce ta raya kimiyya, wadda likita Mahendralal Sircar ya kafa a 1876. Akwai ɗakuna da kayan gwaji, sai dai babu masu aiki da su. Raman ya nemi izini, aka buɗe masa ƙofa. Daga nan rayuwarsa ta rabu biyu: da asuba yana ɗakin gwaji, da rana yana biro kan lissafin kuɗin gwamnati, da maraice ya koma ɗakin gwaji har dare. Shekara goma ya yi a haka, in ban da ɗan lokacin da aka kai shi aiki Rangun da Nagpur. Ya fi mai da hankali ga kayan kiɗa, yana bincike kan yadda tsirkiyar goge take girgiza, da dalilin da ya sa gangunan Indiya suke ba da amo mai daɗin ji.

Ashutosh Mukherjee na jami'ar Kalkata ya yi masa tayin kujerar farfesan fizik, wadda ya hau a 1917. Albashin bai kai na ma'aikatar kuɗi ba, kusan rabi ne. Duk da haka Raman ya ajiye aikin gwamnati ya karɓa.

A 1921 ya yi tafiyarsa ta farko zuwa Ingila, wajen taron jami'o'i. A hanyar dawowa cikin jirgin ruwa, shuɗin Bahar Rum ya ɗauke masa hankali. Babban masanin Ingila, Lord Rayleigh, ya riga ya bayyana cewa shuɗin teku hoton sararin sama ne kawai da ruwa yake maidowa kamar madubi. Raman bai gamsu ba. Ya fito da wani ɗan gilashi daga aljihu, mai tare hasken da fuskar ruwa take maidowa, ya duba. Shuɗin bai gushe ba, sai ma ya ƙara duhu. Ashe ruwan ne da kansa yake warwatsa hasken rana. Daga ranar nan ya duƙufa kan tambaya guda: me yake faruwa ga haske idan ya ratsa ruwa ko wani sinadari?

Shekara bakwai shi da ɗalibansa suna bin wannan tambaya. Wanda ya fi taimakonsa a ƙarshe shi ne K. S. Krishnan. Kayan aikinsu ba masu tsada ba ne: hasken rana, tabarau mai tara haske, gilasai masu launi, daga baya kuma fitilar zaiba. Sun gwada ruwaye iri-iri har wajen 60. Ranar 28 ga Fabrairu 1928 suka tabbatar da abin da suke nema.

Ga bayanin abin a taƙaice. Idan aka haska sinadari da haske mai launi guda, akasarin hasken yakan fito da launinsa na asali. Amma wani ɗan kaso ƙanƙane, kamar ɗaya cikin miliyan goma, yakan fito da launin da ya sauya. Dalili kuwa, ƙwayoyin sinadarin suna girgiza, sai su karɓi kaɗan daga ƙarfin hasken ko su ƙara masa. Kowane sinadari da irin tasa girgizar, saboda haka kowane da irin layukan da yake bari a na'urar rarraba haske. Kamar dangwalen yatsa ne a kan takarda: ba a samun mutum biyu masu zane guda.

Raman ya sanar da jaridu washegari, ya yi lacca a Bangalor ranar 16 ga Maris, ya aika da bayanin ga masana na ƙasashe da yawa. Nan aka shiga gwaji. A Barlin, Peter Pringsheim ya sake aikin ya samu layukan, shi ne ma ya raɗa wa abin sunan Raman. A Faransa, Jean Cabannes da abokan aikinsa sun gani. A Amurka, Robert Wood ya tabbatar. A Mosko kuma, Landsberg da Mandelstam sun riga sun ga irin wannan a cikin dutsen ƙarau a watan Fabrairun nan, ba tare da sanin aikin Kalkata ba, sai dai nasu rahoton ya fito daga baya. Shaidu suka yi yawa, gardama ta ƙare. A 1930 aka ba Raman kyautar Nobel shi kaɗai. Har yau akwai masu ganin ya kamata a haɗa da Krishnan da masanan Mosko. Shi kuwa tun watan Yuli ya kama wurin zama a jirgin ruwa, alhali sai Nuwamba aka bayyana wanda ya ci.

Wannan yarda da kai ita ce ƙarfinsa, ita ce kuma rauninsa. A 1933 ya zama ɗan Indiya na farko da ya shugabanci babbar cibiyar kimiyya ta Bangalor, amma rashin jituwa da hukumar cibiyar ya sa ya sauka a 1937, ya ci gaba da koyarwa. Ya yi doguwar jayayya da masanin Jamus Max Born kan yadda ƙwayoyin lu'ulu'u suke girgiza. A wannan karo awon sauran masana bai goyi bayansa ba, kuma ra'ayin Born ne ya tabbata. Alƙalin da ya ɗaukaka shi a 1928 shi ne ya kayar da shi a nan. A 1948 ya kafa cibiyarsa ta bincike a Bangalor. A 1954 ƙasarsa ta ba shi lambar girma mafi daraja, Bharat Ratna. Ya rasu ranar 21 ga Nuwamba 1970, yana da shekara 82.

Hanyar Raman tana da nakasa guda: hasken da ake nema ba shi da ƙarfi. Fitilar leza, da aka ƙera a 1960, ta rage wannan matsala. Yau akwai na'urorin hannu masu aiki da hanyar, har hukumar NAFDAC ta Najeriya ta yi amfani da su a shekarun 2010 wajen gano jabun magunguna. Amma idan sinadarin da ake nema ɗan kaɗan ne ƙwarai, kamar ragowar maganin ƙwari a kan kayan lambu, hasken ba ya isa.

Shekara huɗu bayan rasuwarsa, a 1974, Martin Fleischmann da abokan aikinsa biyu a jami'ar Southampton ta Ingila suka ga layukan Raman sun yi ƙarfi ainun a kan azurfar da aka kakkarce fuskarta. A 1977 wasu masana a Amurka da Ingila suka nuna cewa ƙarfin yana ninkuwa har kusan sau miliyan. Ƙananan ƙuraje na azurfa ko zinariya su ne suke tattara haske a ƴan tsagogin da ke tsakaninsu. A 1997 aka kai ga ganin layukan ƙwaya guda tak ta sinadari.

Sai dai sabuwar hanyar ta zo da tata wahalar. Tana iya faɗin sunan sinadari, amma faɗin yawansa ya fi wuya. Ƙwayar da ta faɗa cikin tsagi takan ba da haske mai yawa, wadda ta faɗa gefe kuwa kaɗan. Azurfar da aka shirya yau ba lalle ta yi daidai da ta jiya ba, na'urori ma sun bambanta. Duk mai zuwa kasuwa ya san wannan: tiyar gero ta wannan gari ba ita ce ta wancan ba, shi ya sa hukuma take dogara ga kilo. A 2020 aka buga sakamakon wani gwaji na ɗakunan bincike 15 na Turai, inda aka ba su sinadari guda mai suna adenin da ƙa'idojin aiki guda. An samu bambanci tsakanin awonsu, wasu hanyoyin sun fi wasu kusanto juna. Maganin da masana suke bi shi ne rubuta ƙa'ida ɗaya dalla-dalla, daidaita na'urori da ma'auni sananne, da zuba wani sinadari da aka san yawansa cikin abin da ake aunawa don kwatance.

Batun ba na masana kaɗai ba ne. Idan ɗakin bincike guda ya ce ruwan rijiya yana da guba fiye da kima, wani ya ce babu, likita da alƙali da ma'aikacin kwastan ba su san wanda za su bi ba. Sharaɗin da binciken Raman ya cika cikin ƴan watanni a 1928, wato kowa ya auna ya samu abu guda, shi ne magadansa suke aikin cikawa fiye da shekara 50 bayan rasuwarsa.