MARIGAYI ALHAJI ALHASSAN ƊANTATA: MARAYAN BEBEJI DA BAI YANKE ƘAUNA BA

Abin da ya sa na ɗauko tarihin wannan bawan Allah shi ne yawan samarinmu da nake gani zaune a bakin masallaci da rana tsaka, an tagumi. Wani kamfanin da yake gadi ne ya sallame shi, wani rumfarsa ce ta ƙone a rikicin kasuwar Shasha na 2021, wani kuma daga Legas ya dawo bayan hana acaɓa da aka yi a 2022. In ka tambaye shi me ake ciki, sai ya ce ai shi tasa ta ƙare. To, ga labarin mutumin da ya rasa uba, ya rabu da uwa, ya rasa jari, har kansa ma sai da ya zama ba nasa ba, amma bai ce tasa ta ƙare ba.

An haifi Alhassan a garin Bebeji ta ƙasar Kano a shekarar 1877. Mahaifinsa Abdullahi babban falke ne daga cikin Agalawa, mutanen da aka sani da fataucin goro zuwa Gwanja. Ita kuwa Bebeji zango ce a kan hanyar fatake, saboda haka yaron ya buɗe ido ne cikin ayari da jakuna da huhunan goro. Yana da shekara takwas, wajen 1885, Allah Ya yi wa mahaifin nasa rasuwa. Aka raba gado, 'ya'ya da yawa kuma ƙanana, abin da ya zo hannunsa bai taka kara ya karya ba.

Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce. Ta tashi ta koma Ankara, babban birnin ƙasar da ake kira Gana a yau, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Daga sunan wannan tsohuwa aka samo Ɗantata. Ku duba ikon Allah, sunan da duk Nijeriya ta sani a yau, na wata baiwa ce da ba ta da ko taro. Ita ta raine shi, ita ta kuma koya masa tattali da ajiya a asusu. Ya shiga makarantar allo, ya yi almajiranci kamar kowane almajiri, yana 'yan saye-saye da sayarwa, abin da ya samu ya jefa a asusu.

Da ya kai kimanin shekara 15 sai ya bi ayarin Gwanja don ya je ya ga mahaifiyarsa. Tafiya ce ta watanni a ƙasa, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito a bakin kowane kogi. Wanda ya sha wannan wahala zai zaci in ya isa gaban uwa mai dukiya sai hutu. Ina! Amarya ta ɗauke shi ta kai wa wani malami, ya ci gaba da karatu da neman na kansa. Bayan wani lokaci ya komo Bebeji. Mu da muke da 'ya'ya ya kamata mu tsaya a nan mu yi tunani, domin da ta shagwaɓa shi, da wataƙila ba mu san sunansa ba.

Babbar jarrabawa tana gaba. A 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, aka naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi yarda, aka shiga yaƙin Basasa tsakanin Tukurawa da Yusufawa. Agalawa da yawa suna bayan Tukur, shi kuwa aka ci shi da yaƙi, Alu Babba ya shiga Kano a 1894. Aka fasa garuruwa, Bebeji na ciki, aka kwashi dukiya, aka kama mutane. Cikin waɗanda aka kama aka mayar bayi har da Alhassan da wasu 'yan'uwansa. Yaro ɗan gidan fatake, mai shekara 17, ya wayi gari shi ne hajar sayarwa. Jama'a, takardar sallama daga aiki ina ta kai wannan?

Allah da ikonSa bai daɗe cikin bauta ba, ya samu ya fanshi kansa ya komo gida. Bai zauna yana lissafin abin da aka ƙwace masa ba, bai kuma shiga neman ramuwa ba. Sana'ar ubansa ya koma wa, da ɗan abin da ya samu. Yakan ɗauki kayan Kano, irin su tufafi na rini da fatu, ya kai kudu, ya komo da goro.

A nan ne basirarsa ta fito. Tsohuwar hanyar Gwanja ta riga ta fara mutuwa tun da yaƙi ya watsa kasuwar Salaga a 1892, ga kuma Turawa sun ci Kano a 1903, al'amura sun sake. Fatake da yawa suka tsaya kan hanyar iyaye da kakanni har jarinsu ya narke. Shi kuwa Alhassan sai ya juya ta bakin teku. Wajen 1906 ya fara sayen goro a ƙasar Asante yana ɗora shi a jirgin ruwa daga Ankara da Sakandi zuwa Ikko, daga nan a yi arewa da shi. Duk mai sana'ar goro ya san kayan nan ba ya son jinkiri, kullum sai an kwance huhu an tsince ruɓaɓɓe an sake ganye. Wanda ya rage kwanakin hanya ya rage asara, ya kuma riga kowa shiga kasuwa. Ikko da Badun ɗin nan da muke zaune duk ya yi ciniki a cikinsu, tun kafin a yanka mana Sabo a 1916. Ashe shi ma baƙunta ya ci kamar mu.

Da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, aka buɗe ta a 1912, sai kamfanonin Turawa suka shigo neman gyaɗa. Su ba su san manoma ba, ba su jin Hausa, ba su san ƙauyuka ba, dole sai da fataken gida. Alhassan ya dawo Kano da zama, ya kafa gida a Sarari kusa da Koki. A 1918 kamfanin Neja, wanda daga baya ya zama UAC, ya ɗauke shi wakilin sayen gyaɗa. Ya baza yaransa ƙauyuka, yana ba su jari su saya su kawo. Mutanen da ya saba da su tun zamanin goro su ne suka zama ƙafafunsa. Cikin 'yan shekaru ya zarce sauran attajiran Kano. Dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita, inda a da ake jera buhuna har kimanin 15,000 a dala guda ana jiran jirgi, da sunansa ake haɗa ta.

A 1929, lokacin da bankin Turawan Ingila na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, raƙuma 20 ne suka ɗauko kuɗin azurfarsa zuwa bankin. Yaron da ya fara da asusun Tata ke nan. Duk da haka an san shi da sauƙin kai da tsantseni wajen kashe kuɗi. Ya sauke farali ta jirgin ruwa a zamanin da zuwa Makka ba ƙaramin abu ba ne, ya taimaki malamai da masallatai, ya kuma zauna a majalisar Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Da ciwon ajali ya kama shi, ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya da haɗin kai da riƙon zumunci, kada su wargaza abin da ya gina. Ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. 'Ya'yansa, irin su Alhaji Sanusi da Alhaji Aminu wanda ya rasu a 2025, suka ci gaba da kasuwanci. Alhaji Aliko Ɗangote ma tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.

Ba ina cewa duk wanda aka sallama daga aiki zai zama Ɗantata ba ne. Arziki na Allah ne, Shi ke ba wanda Ya so. Amma akwai abin da ke hannun bawa, kuma shi na gani a rayuwar mutumin nan. Da aka ƙwace masa komai, abin da ya rage masa shi ne karatunsa, da sanin sana'a, da amanar da mutane suka san shi da ita, kuma su ne suka zama jarinsa na biyu. Bai raina ƙaramin ciniki ba. Da hanya ɗaya ta toshe bai tsaya yana kuka a bakinta ba, ya nemi wata. Kuma ko yaushe yana ajiye wani abu saboda gobe.

Saboda haka ɗan'uwana da ka rasa aiki, ka yi alwala ka kai kukanka ga Allah, domin yanke ƙauna daga rahamarSa ba halin mumini ba ne. Sannan ka fito kasuwa. In dako ne ka yi, in tiren goro ne ka ɗauka, in yaron shago ne ka zauna ka koya, babu maraya sai rago. Ɗan kuɗin sallamar da aka ba ka kada ka cinye shi a zaune, ka shiga adashi, ka nemi shawarar waɗanda suka riga ka. Mu kuma masu rumfuna a Sabo da Bodija da Shasha, nauyi yana kanmu. Ɗantata da yaran da ya ba jari ya yi girma. Kowannenmu in ya ja yaro ɗaya ya ba shi kaya bashi ya gwada amanarsa, zaman bakin masallacin nan zai ragu. Ina roƙon shugabannin ƙungiya da Mai Girma Sarkin Hausawa su sa wannan magana cikin abin da za a tattauna a taro mai zuwa.

Allah Ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata, Ya jiƙan Tata da ta raine shi, Ya buɗa wa duk mai nema ta hanyar halal, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Amin summa amin.