Samuel Morse: Mai zanen da ya shekara 5 yana bin majalisa kafin ta ba shi dala 30,000

Kai da kake da wata dabara ta fasaha a ka, amma aljihu babu ko sisi, kana jiran tallafin gwamnati, matso ka ji labarin Samuel Morse.

An haife shi a Amurka a 1791, kuma sana'arsa ta asali zanen hotuna ce. A 1825 yana birnin Washington yana aiki, matarsa ta rasu a New Haven. Kafin wasiƙa ta iske shi ya koma gida, har an binne ta. Ka ga yadda saƙo yake jan ƙafa a zamanin.

A 1832, a cikin jirgin ruwa kan hanyarsa ta dawowa daga Turai, ya ji ana hirar lantarki, sai tunanin aika saƙo ta waya ya zo masa. To amma fa shi ba masanin kimiyya ba ne. Sai ya nemi waɗanda suka fi shi sani: Farfesa Leonard Gale ya taimaka masa saƙon ya riƙa yin nisa, shi kuma Alfred Vail ya kawo kuɗin gidansu da gwanintar ƙira, aka ba shi kaso.

A 1838 Morse ya kai na'urarsa gaban 'yan majalisa. Suka kalla, suka yaba, amma kuɗi shiru. Ya tafi Ingila neman rajistar mallaka, aka hana shi. Ya dawo yana koyar da zane, abin kai wa baki ma yana gagararsa.

Bai yi zuciya ba. A ƙarshen 1842 ya koma, ya ja waya tsakanin ɗakuna biyu a ginin majalisar, ya aika saƙo a kan idonsu. Majalisar wakilai ta amince da ƙyar, ƙuri'a 89 da 83. A watan Maris na 1843 aka ware masa dala 30,000 don gwajin wayar tangaraho daga Washington zuwa Baltimore, tazarar fiye da kilomita 60.

Kana zaton shi ke nan? Ina! Da farko sun binne wayar a ƙasa cikin bututun dalma, aikin ya lalace bayan kuɗi masu yawa sun tafi. Maimakon ya nace a kan kuskure, sai aka koma ɗaura wayar a kan turaku. Ranar 24 ga Mayu 1844 saƙo ya isa Baltimore nan take.

Daga baya ya so gwamnati ta saye fasahar baki ɗaya, ta ƙi. Sai a 1845 aka kafa kamfanin Magnetic Telegraph da jarin 'yan kasuwa. Morse ya rasu a 1872 yana attajiri.

Lura da kyau: gwamnati kuɗin gwaji kawai ta biya, kuma sai da ta ga na'ura tana aiki. Kasuwancin kuwa, masu zuba jari ne suka ɗauke shi bayan gwajin ya yi nasara. Don haka kafin ka cike takardar neman tallafi, tambayi kanka: me zan ɗora a kan tebur su gani da idonsu? Wa kuma zan jawo da ya san abin da ban sani ba?