Malam Alvan Ikoku: Malamin Da Ya Sami Digiri Bai Bar Ajinsa Ba

Kusan dukanmu mun taɓa riƙe takardar Naira goma. A bayanta akwai hoton matan Fulani biyu ɗauke da ƙwaryar nono, a gabanta kuma hoton wani dattijo. Idan aka tambayi 'yan aji ko wane ne wannan dattijon, kaɗan ne za su ɗaga hannu. Sunansa Alvan Ikoku. Bai taɓa zama shugaban ƙasa ba, bai kuma taɓa jan rundunar soja ba. Malamin makaranta ne, irin malaman da ke tsayawa gaban allo a makarantarmu kowace safiya. Mun ga ya dace mu kawo tarihinsa a wannan mujalla, musamman saboda yadda ya sami digirinsa na jami'a yana magidanci, yana kuma bakin aiki.

An haifi Alvan Azinna Ikoku ranar 1 ga Agusta, 1900, a Arochukwu, garin da ke cikin Jihar Abiya a yau. Yana jariri sojojin Turawa suka ci garin da yaƙi, tsakanin 1901 da 1902. Bayan haka ne ma'aikatan mishan na Ikklisiyar Sukotlan suka sami hanyar shiga wannan yanki, makarantun boko kuma suka fara kafuwa. Ya yi firamare a garinsu, sa'an nan a 1915 ya wuce makarantar Hope Waddell da ke Kalaba, wadda mishan suka buɗe a 1895. A can ake koyar da karatu da sana'ar hannu da aikin malanta gaba ɗaya. Ya gama a 1920, ya kama aikin koyarwa a ƙarƙashin mishan a wani gari mai suna Itigidi. Bayan shekara biyu ya koma Kwalejin Horon Malamai ta St. Paul da ke Awka, inda ya zama babban malami mai horar da waɗanda za su koyar da wasu.

To, a nan ne hanyar yawancin malamai na wancan zamani takan tsaya. Babu jami'a ko ɗaya a duk faɗin Nijeriya. Kwalejin Jami'a ta Ibadan ba ta buɗe ba sai 1948. Wanda ke son digiri sai ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila ko Amurka, ko kuwa ya tafi Kwalejin Fourah Bay a Saliyo. Duk waɗannan suna bukatar kuɗi mai yawa, da kuma barin aiki da iyali na shekaru. Malam Ikoku kuwa ya riga ya ajiye iyali, domin an haifi ɗansa Samuel tun 1922. Da yawa a irin halinsa sun haƙura da abin da suka samu, ba kuma wanda zai ga laifinsu.

Amma akwai wata ƙofa. Tun 1858, a zamanin Sarauniya Biktoriya, Jami'ar Landan ta yarda mutum ya zauna jarrabawarta ko da bai taɓa zama a ajin wata kwaleji ba. Daga 1865 aka fara yin jarrabawar a wajen Ingila, aka soma da tsibirin Morishus, sannu a hankali abin ya kai sauran ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin Ingila, har da tamu. Jami'ar ba ta tambayar inda ka yi karatu ko wanda ya koya maka. Abin da take dubawa shi ne abin da ka rubuta a takardar amsa.

Matakai uku ne. Da farko akwai jarrabawar shiga, wadda ta ƙunshi Turanci da lissafi da waɗansu darussa, kuma dole a ci su duka a zama ɗaya. Wanda ya fāɗi darasi ɗaya sai ya sake duka. Daga nan sai jarrabawar tsakiya, sa'an nan ta ƙarshe, wadda ita ce ke ba da digiri. Ana aiko da takardun tambayoyi daga Landan a jirgin ruwa, jami'an ilimi na gwamnati su tsare masu rubutawa, a tattara amsoshi a mayar Landan a duba. Ma'aunin da ake gwada ɗalibin da ke zaune a birnin Landan da shi, da shi ake gwada malamin da ke Awka, ba ragi ba sassauci. Sakamako yakan ɗauki watanni kafin ya iso. Masu wannan karatu da yawa sukan biya kuɗi ga makarantun koyarwa ta wasiƙa a Ingila, irin su Wolsey Hall ta Oxford, a riƙa aiko musu da darussa ta gidan waya, su yi aikin su mayar, a gyara a dawo musu da shi.

Mu tsaya mu auna nauyin abin. Malami ya wuni yana koyarwa, ya duba littattafan ɗalibai, ya shirya darasin gobe, ya kula da gida. Lokacin da ya rage masa na karatu shi ne dare da asuba da kwanakin hutu. Babu malamin da zai tambaya idan wani babi ya gagare shi, babu babban ɗakin karatu a kusa. Littafin da yake bukata sai ya yi odarsa daga ƙetare da albashinsa na malanta, ya jira. Fannin da Malam Ikoku ya zaɓa kuwa shi ne falsafa, ilimin da ke bin diddigin tunani da hujja da sanin daidai da kuskure. Haka ya bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, har ya sami digirin Jami'ar Landan a ƙarshen shekarun 1920, kafin ya cika shekara 30 da haihuwa. Yana cikin 'yan Nijeriya na farko-farko da suka sami digiri ta wannan hanya. Waɗansu sun biyo sawu, cikinsu har da Cif Obafemi Awolowo, wanda ya sami digirin kasuwanci na Landan a 1944 yana zaune a gida Nijeriya.

A wancan lokaci baƙar fata mai digiri abin nema ne, zai iya samun aiki mai maiƙo a birni. Malam Ikoku sai ya koma garinsu. A farkon shekarun 1930 ya kafa makarantar sakandare a Arochukwu, ɗaya daga cikin na farko da ɗan ƙasa ya kafa da kansa, ba gwamnati ba, ba kuma mishan ba. Ya sa mata sunan Dokta James Aggrey, shahararren malamin nan na ƙasar Gana wanda ya rasu a 1927, mutumin da ya yi ta kira a ilimantar da 'ya'ya mata kamar yadda ake ilimantar da maza. Makarantar ta karɓi maza da mata. Mutumin da ya sha wahalar neman ilimi shi kaɗai bai so yaran garinsu su sha irinta ba.

Sunansa ya fito, aka jawo shi cikin harkokin mulki. A 1946 ya shiga Majalisar Dokoki ta Jihar Gabas, a 1947 kuma ya zama ɗaya daga cikin wakilan Gabas a Majalisar Dokoki ta ƙasa da ke Ikko. Maganarsa a majalisa ba ta cika wuce ilimi da halin da malamai ke ciki ba. A 1955 aka zaɓe shi shugaban Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya, ya gaji Rabaran Israel Ransome-Kuti wanda ya shugabance ta tun kafuwarta a 1931. Ya yi ta fafutuka a daidaita tsarin ilimi a ƙasa baki ɗaya, a kuma kyautata albashi da darajar malami.

Siyasa ba ta yi masa daɗi kullum ba. A zaɓen Majalisar Jihar Gabas na 1957, wanda ya tsaya takara da shi ɗansa ne na cikinsa, Samuel Ikoku, a ƙarƙashin wata jam'iyya dabam. Ɗan ya kayar da uban. Wannan abu ne mai nauyi a kowane gida. Duk da haka Malam Ikoku bai janye daga hidimar jama'a ba. A 1962 ya nemi gwamnati ta mai da ilimin firamare na shekara shida kyauta ga kowane yaro a Nijeriya, a matsayin haƙƙi. Bai ga cikar wannan buri ba, domin ya rasu ranar 18 ga Nuwamba, 1971. Shekara biyar bayan rasuwarsa, a 1976, gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, shirin da iyayenmu da malamanmu da yawa suka shiga aji ta dalilinsa.

Ƙasa ba ta manta da shi ba. A 1973 aka sa sunansa a kan kwalejin horon malamai da ke Owerri, wadda ta zama jami'ar ilimi ta tarayya a 2023. A 1979 kuma aka sa hotonsa a takardar Naira goma.

Me za mu ɗauka daga wannan tarihi? Mu ɗalibai, musamman 'yan ajin ƙarshe, mun san ba dukanmu ne za mu wuce jami'a kai tsaye ba. Wani sakamakonsa ba zai cika ba. Wani kuɗi ne za su tsayar da shi. Wata aure ne zai zo, wani kuma shi ne zai ɗauki nauyin ƙannensa. Haɗarin da ke nan shi ne mutum ya ɗauka tun da bai shiga tare da tsararsa ba, shi ke nan ƙofa ta rufe. Shekara ɗaya ta zama biyar, littattafai su shiga akwati, zuciya ta mutu. Malam Ikoku ya nuna mana cewa jinkiri dabam, fasawa dabam. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi.

Hanyoyin da muke da su yau sun fi nasa sauƙi nesa ba kusa ba. Wanda wani darasi ya kayar yana iya sake zama jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu. Malamai suna da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976 domin su ƙaro ilimi suna kan aiki. Akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, mai cibiyoyin karatu a jihohi, inda ma'aikaci da ɗan kasuwa da uwar gida ke cin darussa ɗaya bayan ɗaya har su haɗa digiri. Ita kanta Jami'ar Landan tana nan tana karɓar ɗalibai daga nesa, darasin da dā yakan yi makonni a teku yanzu yana isowa ta intanet. Sai dai mu yi hattara, mu tabbatar hukuma ta amince da makaranta kafin mu biya ko kwabo, mu kuma guji satar amsa. Darajar takardar Malam Ikoku ita ce da guminsa ya same ta.

Ga iyayenmu da malamanmu da 'yan'uwa a ikklisiya waɗanda karatunsu ya tsaya a rabi, muna roƙo su sake duba lissafin. Sa'a ɗaya ko biyu a kowace rana, in an dawwama a kai, ita ce jarin da wannan malami ya fara da shi. Mu kuma da ke tare da su a gida, mu rage musu aiki da surutu a lokacin karatu, mu ƙarfafa musu gwiwa idan jarrabawa ta ƙarato.

Allah ya ba mu naciya irin tasa, ya sa ilimin da za mu samu ya amfani jama'a.