Roald Amundsen

Roald Engelbregt Gravning Amundsen (16 ga Yuli, 1872 – 18 ga Yuni, 1928) ɗan ƙasar Norwe ne, ma'aikacin jirgin ruwa kuma mai binciken yankunan ƙanƙara na duniya. Shi ne ya jagoranci ayarin da ya fara isa ƙuryar kudancin duniya a 1911, yana kuma cikin mutum 16 da suka ratsa ƙuryar arewa ta sama a 1926. Ya ɓace a tekun Barents, arewa da Norwe, cikin wani jirgin saman Faransa da ya fita neman ayarin Italiya da suka yi haɗari. Har yau ba a ga gawarsa ba, ba a kuma ga gangar jikin jirgin ba. Tafiye-tafiyen da ya yi ta sama daga 1922 zuwa 1928 suna cikin misalan farko da suka nuna abubuwan da ke kayar da jirage a can arewa mai sanyi: hazo, daskarewar ƙanƙara a jikin jirgi, ɓatan hanya, da nisa daga masu ceto.

Tashinsa

An haife shi a Borge, kusa da garin Fredrikstad, a gidan masu jiragen ruwa. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya maza. Mahaifinsa ya rasu a 1886. Mahaifiyarsa ta so ya zama likita, ya kuma shiga karatun don ya faranta mata rai, amma da ta rasu yana da shekara 21 sai ya ajiye littattafai ya shiga teku.

Daga 1897 zuwa 1899 ya yi aiki a jirgin ruwan Belgica na Beljiyam, ƙarƙashin Adrien de Gerlache. Ƙanƙara ta riƙe jirgin, suka zama mutanen farko da suka yi hunturu cur a yankin Antatika. Ciwon rashin bitamin C ya kwantar da da yawa daga cikinsu, sai da likitan jirgin, Frederick Cook, ya dage a riƙa cin sabon naman dabbobin ruwa sannan suka farfaɗo.

Gjøa da ƙuryar kudu

A 1903 ya tashi da wani ƙaramin jirgin kamun kifi mai suna Gjøa, su bakwai kacal, ya bi mashigin ruwan da ke arewacin Kanada, ya ɓullo ta Alaska a 1906. Babu jirgin da ya taɓa ratsa mashigin daga farko zuwa ƙarshe kafin wannan. Ya yi hunturu biyu a tsibirin King William tare da mutanen Netsilik, wani reshe na Inuwit. A wurinsu ya koyi saka tufafin fata da korar karnukan da ke jan kaya a kan ƙanƙara.

Wannan ilimin ne ya kai shi ƙuryar kudu ranar 14 ga Disamba, 1911, tare da Olav Bjaaland, Helmer Hanssen, Sverre Hassel da Oscar Wisting. Duk su biyar sun dawo lafiya. Ayarin Ingila na Robert Falcon Scott ya isa wurin ranar 17 ga Janairu, 1912, suka kuma mutu su biyar ɗin a hanyar dawowa.

Komawarsa ga jirgin sama

Amundsen ya fahimci amfanin jirgin sama tun da wuri. A 1914 ya karɓi takardar tuƙin jirgin sama ta farar hula ta farko a Norwe. A 1918 ya fita da jirgin ruwan Maud da niyyar ƙanƙara ta ja shi zuwa ƙuryar arewa, shekaru suka shuɗe abin bai yiwu ba. Sai ya kai jirgin sama ƙirar Junkers zuwa Wainwright a Alaska, tare da matuƙi Oskar Omdal. A 1923, wajen sauka daga tashin gwaji, ƙafar jirgin ta karye, shirin ya rushe. A 1924 bashi ya ci shi har aka ayyana ya karye, ya kuma ɓata da ɗan'uwansa Leon wanda ke riƙe masa harkokin kuɗi.

Wani Ba'amurke, Lincoln Ellsworth, shi ya fid da shi da kuɗin mahaifinsa. Suka sayi jirage biyu ƙirar Dornier Wal, N24 da N25, irin masu ƙasa kamar na kwale-kwale, waɗanda ke iya sauka kan ruwa ko kan ƙanƙara. Ranar 21 ga Mayu, 1925, suka tashi daga Ny-Ålesund a tsibiran Svalbard. A N25 akwai Amundsen da matuƙi Hjalmar Riiser-Larsen da makanike Karl Feucht, a N24 kuwa Ellsworth da matuƙi Leif Dietrichson da Omdal.

Bayan kimanin awa takwas rabin mai ya ƙare, iska ta kuma karkatar da su yamma. Suna neman wurin sauka don su auna inda suke sai injin baya na N25 ya fara tari, dole suka sauka a wani tsagin ruwa tsakanin ƙanƙara. Sun kai digiri 87 da minti 44 arewa, saura kimanin kilomita 250 zuwa ƙuryar, kusan nisan Kaduna zuwa Kano. N24, wanda ƙasansa ya samu rauni tun wajen tashi, ya soma shan ruwa, aka bar shi. Dietrichson da Omdal sun rufta cikin ruwan sanyi suna ƙoƙarin isa ga 'yan'uwansu, Ellsworth ne ya jawo su.

A nan suka ga wata yaudara da ta sha cin matuƙa a yankin. Daga sama ƙanƙarar teku tana kama da fili shimfiɗaɗɗe, amma a ƙasa tuddai ne da tsage-tsage, kuma tana motsi, tana matse duk abin da ke tsakaninta. Sun yi fiye da mako uku suna sarar ƙanƙara da 'yan kayan aikin da ke hannunsu, suna cin abinci ɗan kaɗan, ƙanƙarar na lalata musu filin tashi suna sake wani. Ba su da na'urar aika saƙo, don haka a gida mutane da yawa sun fid da rai. Ranar 15 ga Yuni suka zubar da duk kayan da ba dole ba, su shida suka cusu cikin N25, Riiser-Larsen ya tayar da shi da ƙyar. Wani jirgin ruwan mafarauta ne ya tsince su a gaɓar arewacin Svalbard.

Jirgin Norge

A shekara mai zuwa sai ya koma ga jirgin balan-balan, wanda iskar haidurojin ke ɗagawa, yana kuma iya kwanaki a sama. Injiniyan Italiya Umberto Nobile ne ya ƙera shi, shi ne kuma ya tuƙa shi. An sa masa suna Norge. Sun tashi daga Ny-Ålesund ranar 11 ga Mayu, 1926, suka bi ta kan ƙuryar arewa ranar 12, suka sauka a Teller, Alaska, ranar 14. Richard Byrd na Amurka ya ce ya riga su zuwa ranar 9 ga Mayu, amma masana da yawa suna shakkar hakan. Amundsen da Wisting suka zama mutanen farko da suka je ƙuryoyin duniya biyu.

Rabin tafiyar na biyu ya kusa zama ajali. Kusa da ƙuryar, allurar kamfas ba abar dogaro ba ce, don haka suna amfani da rana wajen gane hanya, sai ga hazo ya rufe ranar. Hazon can ba irin na Kaduna ba ne. Na Kaduna ƙura ce busasshiya, kuma in ya hana jirgi sauka sai a karkata shi Abuja ko Kano. Na can ɗigon ruwa ne mai tsananin sanyi da ke daskarewa da zarar ya taɓa ƙarfe, ga shi babu wani filin da za a karkata. Ƙanƙara ta taru a jikin Norge ta ƙara masa nauyi, farfela na cillo gutsattsarinta suna huda rigar jirgin, ma'aikata na bi suna liƙewa. Ta kuma lulluɓe wayar rediyo, sadarwa ta yanke. Nome suka nufa, iska da hazo suka tilasta musu sauka a Teller.

Bayan nasarar sai rigima ta tashi kan wanda ya fi cancantar yabo. Gwamnatin Mussolini ta ɗaukaka Nobile, Amundsen kuwa ya caccake shi a littafin tarihin rayuwarsa na 1927. Littafin ya rage masa abokai, don ba Nobile kaɗai ya taɓa ba.

Ɓacewarsa

A 1928 Nobile ya koma arewa da nasa jirgin, Italia. Ranar 25 ga Mayu, suna dawowa daga ƙuryar cikin hazo da iska mai ƙarfi, jirgin ya yi ƙasa ya bugi ƙanƙara a arewa maso gabashin Svalbard. Mutum goma suka zubo, ɗaya ya mutu nan take. Sauran shida balan-balan ɗin ya tashi da su, ba a sake ganinsu ba. Har yanzu ana muhawara kan ko nauyin ƙanƙara ne ya kayar da shi ko yoyon iskar haidurojin.

Ƙasashe da dama suka aika masu ceto. Amundsen, duk da abin da ke tsakaninsa da Nobile, ya ce zai je, amma ba shi da jirgi. Rundunar sojan ruwan Faransa ta ba da wani ƙirar Latham 47 da ma'aikatansa huɗu: René Guilbaud, Albert Cavelier de Cuverville, Gilbert Brazy da Émile Valette. An ƙera jirgin ne don tsallake tekun Atlantika, ba don ƙanƙara ba, kuma kan ruwa kaɗai yake sauka. Ya bar Faransa ranar 16 ga Yuni, ya ɗauki Amundsen da Dietrichson a Bergen, ya isa Tromsø ranar 18. Mutumin da ya saba kwashe shekaru yana shirin tafiya ɗaya, wannan karon cikin 'yan kwanaki aka haɗa komai.

Wajen ƙarfe huɗu na yamma suka tashi daga Tromsø da kaya mai nauyi, suka nufi Svalbard, tafiyar kimanin kilomita 1,000 a kan teku. Duhu ba ya cikin matsalarsu, don a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a wannan yanki. Bayan kimanin awa uku aka daina jin rediyonsu. Ba a tashi nemansu nan da nan ba. Hankali yana kan mutanen Italia, ga kuma tunanin cewa wanda ya dawo daga ɓatan 1925 zai sake dawowa.

A ƙarshen Agusta masunta suka tsinci ɗaya daga cikin 'yan kwale-kwalen da ke tokare fiffiken jirgin a kan ruwa, a watan Oktoba kuma aka tsinci tankin mai. Bayanin da aka fi karɓa shi ne jirgin ya shiga hazo wajen tsibirin Bjørnøya, ya faɗa ruwa ko ya yi saukar dole. Irin wannan jirgi in ya rasa abin tokare fiffike ɗaya, fiffiken ne zai nitse, igiyar ruwa ta kife shi. An ga alamar aikin hannu a jikin tankin, shi ya sa wasu masu bincike ke ganin akwai waɗanda suka tsira daga faɗuwar, suka yi ƙoƙarin sa tankin a madadin abin da ya karye. A ruwa mai sanyi irin na Barents mutum ba ya daɗewa da rai.

Wani matuƙin Suwidin, Einar Lundborg, ya ɗauko Nobile kwanaki kaɗan bayan ɓacewar Latham, jirgin ruwan Rasha mai fasa ƙanƙara, Krasin, ya kwaso sauran ranar 12 ga Yuli. A watan Satumba aka dakatar da neman Amundsen. Yana da shekara 55, bai taɓa aure ba.

Tunawa da shi

Norwe ta keɓe ranar 14 ga Disamba, 1928, don makokinsa, aka yi shiru na minti biyu a faɗin ƙasar. Gidansa, Uranienborg, da ke Svartskog kusa da Oslo, ya zama gidan tarihi. Tashar binciken Amurka da ke ƙuryar kudu tana ɗauke da sunansa da na Scott, akwai kuma tekun Amundsen a Antatika. A watan Agustan 2009 rundunar sojan ruwan Norwe ta bincika ƙasan teku kusa da Bjørnøya da wata na'urar nutso marar matuƙi mai suna Hugin, amma ba ta samu ko ɓarɓashin Latham ba.