Abu Zaid al-Balkhi, malamin makarantar da ya rarrabe baƙin ciki da ciwon damuwa

A darussan ilimin halayyar ɗan Adam da muka yi a kwalejin horon malamai, sunayen da ake ta nanatawa su ne Freud da Pavlov da Piaget. Ban taɓa jin an ambaci Abu Zaid al-Balkhi ba, alhali abin da ya rubuta kan ciwon damuwa sama da shekara 1,000 da suka wuce ya fi na Freud kusa da abin da likitoci ke yi yau.

Sunansa Ahmad ɗan Sahl. An haife shi wajen shekarar 850 Miladiyya a ƙauyen Shamistiyan kusa da birnin Balkh, a arewacin Afganistan ta yau. Mahaifinsa malamin yara ne. Yana saurayi ya bi ayarin alhazai a ƙafa har Iraƙi, ya shekara takwas a can, ya yi karatu wajen al-Kindi, sannan ya komo gida ya kama koyarwa. Mai mulkin Balkh ya yi masa tayin waziranci ya ƙi, ya karɓi aikin magatakarda. An gayyace shi fadar Bukhara, nan ma bai je ba. Mutum ne marar yawan magana, alƙalaminsa ne bakinsa. Ya rubuta littattafai sama da 40, galibi sun ɓace, kuma an daɗe ana saninsa ne a matsayin masanin taswirar ƙasashe.

Cikin abin da ya tsira akwai Masalihul Abdani wal Anfus, wato maslahar jiki da ta rai. Kashi na biyu babi takwas ne, duk a kan rai. Hujjarsa ita ce mutum kan yi shekaru jikinsa lafiya lau, amma da wuya ya wuni bai gamu da fushi ko tsoro ko ɓacin rai ba, ga shi likitocin zamaninsa jiki kawai suka sa gaba. Sai ya ɗauki abubuwa huɗu: fushi, tsoro, baƙin ciki da wasiwasi.

Wurin baƙin cikin ne ya fi kama ni. Ya kasa shi gida biyu. Akwai mai dalili sananne, kamar rasuwa ko asarar dukiya. Akwai kuma wanda ke sauko wa mutum haka kawai, ya kashe masa jiki, ya raba shi da jin daɗin komai, a tambaye shi me ya faru ya rasa ta cewa. Na biyun nan, a ganin al-Balkhi, daga jiki yake, don haka jikin za a yi wa magani, a haɗa da zama da mutanen da ke faranta wa majinyacin rai. Ya danganta shi da gurɓatar jini, bayanin da likitoci suka daɗe da bari, amma rarrabewar kanta tana nan da amfaninta. Mu kuwa har gobe, wanda ya ce shi dai komai ya fita ransa, amsar da yake samu ita ce ƙarancin tawakkali ke damunsa, ko a ce aljanu ne. Ga malamin da ya yi rubutu kan Alƙur'ani da ilimin addini, bai ɗora wa irin wannan mutum laifi ba.

Shi kuwa mai dalili, maganinsa tunani ne. Daga waje, a sami mai hikima ya zauna da mutum. Daga ciki, mutum ya koya wa kansa tunanin da zai tari wanda ke cinsa: ya auna abin da ya rasa da lafiyar da yake shirin ƙara rasawa, ya tuna abin da ya rage masa, ya duba waɗanda irin haka ta same su suka miƙe, ya san cewa zafin ranar farko ba ya dawwama. Kuma tun ana lafiya ake tanadin irin wannan tunani, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo. Duk malamin aji ya san wannan, ba ranar jarrabawa ake fara bita ba.

A shekarun 1960 likita Aaron Beck na jami'ar Pennsylvania a Amurka ya lura masu ciwon damuwa na da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu ba shiri, duk na kushe kai da duniya da gobe. Ya tsara jinyar da ake kira CBT, ta gyaran tunani da ɗabi'a. Majinyaci kan rubuta tunanin da ya zo masa, su auna shi da hujja shi da mai jinyar, a ba shi ƙananan ayyukan yi a gida, yawanci cikin zama 12 zuwa 20. Kamar na nan, amma ban yarda da masu cewa Beck kwafa ya yi ba. Da kansa ya gano tasa a asibiti, kuma ya yi abin da zamanin al-Balkhi bai ba da dama ba, wato gwada ta kan majinyata a auna sakamako. Ko yau, idan ciwon ya yi tsanani ana haɗa ta da ƙwayoyi. Wanda ya daina barci da cin abinci, ko ya fara zancen gara mutuwa, asibiti za a kai shi, irin su Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato.

Al-Balkhi ya rasu a ƙauyensu a shekarar 934. Littafin ya daɗe a ajiye a laburaren Aya Sofiya da ke Istanbul, sai a 1984 Fuat Sezgin ya buga hotonsa a Frankfurt ta ƙasar Jamus. A 2013 Farfesa Malik Badri ɗan Sudan ya fitar da fassarar kashin rai da Turanci.